Yadda Kangaru Ya Maido Ni Gida Daga Jidda

Tun da na dawo daga Jidda ban huta da tambaya ba. A mahauta, a ƙofar masallaci, har a wurin zaman makoki, sai wani ya matso ya rage murya ya ce wai da gaske ne ɓera ne ya buge ni a ƙasa mai tsarki. Wasu sun ce zomo ne, wasu sun ce aljani ne ya shiga jikin akuya. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk lokacin da na ba da labarin da baki sai na ƙara gishiri ta inda zai gyara ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya yadda abin ya faru. Karatuna bai wuce firamare ba, wanda ya ga kuskure ya gyara. Sunana Haruna, ɗan mahauta ne ni daga Ƙaura, kuma kafin in tafi ana kirana Guduma a filin dambe. Wannan suna na biyu shi ya jawo komai.

Na tashi da bizar Umara a tsakiyar shekarun casa'in, da niyya biyu: ta ibada a baki, ta zama a ciki. Allah Ya yafe mini. Motar da ta ɗauke mu zuwa Kano ta yi faci bayan Tsafe, muka sauka muna jira, wata tsohuwa da ta ji inda za ni ta ba ni saƙon gaisuwa ga ɗanta. Na tambaye ta a wace unguwa yake, ta ce a Makka dai, dogo ne, in na gan shi zan gane shi. A Kano ejan ya zube mu a wani gida kusa da filin jirgi, kullum ya ce gobe, har sai da guzurin wasu ya ƙare.

Ban taɓa hawa jirgin sama ba. Mun ɗaura harami tun daga ƙasa, sanyin cikin jirgin ya shiga ƙashina, ga shi ba halin rufe kai. Aka kawo abinci a 'yar tasa, da wani farin nama a kan shinkafa. Na juya shi, na shinshina, na gaya wa maƙwabcina cewa wannan ƙirjin ɗan maraƙi ne, ni da na tashi a cikin nama ba a ɓoye mini. Ya kira mai rabon abincin ya tambaye ta. Ta ce kifi ne.

A filin jirgin Jidda ma'aikacin da ke duba kaya ya kwance ƙullin yajin da matata ta sa mini, ya kai hanci. Sai da aka kawo wani ya karɓe shi aiki. Na biyun ya zaro zaren dambena, wato igiyar da muke naɗe hannu da ita, ya tambaya ta mece ce. Na ce ta shanya ce. Ƙarya cikin harami, tun ban fita daga filin jirgi ba. Abin da ya sa na ɗauko zaren zuwa Umara kuwa, har yau ban samo amsar da zan iya faɗa a gaban malami ba.

Na yi Umarata. Abin da na ji a gaban Ka'aba ba na wannan labarin ba ne. Ranar da 'yan ayarinmu suka hau motar komawa filin jirgi, ni na hau ta Nuzla.

Nuzla unguwa ce a kudancin Jidda inda za ka yini ba ka ji kewar gida ba. Hausa ake yi, sai dai an cusa mata Larabci: halas, yalla, ma fi mushkila. A can ƙanen mahaifiyata yake, Kawu Ila, wanda ya yi shekaru yana gasa tsire kusa da kasuwar Bab Makka a tsakiyar Jidda, yana da iƙamarsa, wato takardar zama. Ya sauke ni a ɗakin da muke kwana bi da bi, masu aikin safe su tashi masu aikin dare su kwanta a kan katifa tun da ɗuminta. Da safe wake ne dakakke da suke kira ful, da wata faffaɗar gurasa, tamis. Shayinsu a kofin da bai fi murfin kwalba ba, na sha na sha har mai shayin ya ajiye mini butar a gaba. Na ga maza masu gemu suna gaisawa da goga hanci. Na ga an kira salla mai kanti ya yafa ƙyalle a kan kayansa ya tafi. Na ga kyanwa ta shinshina shinkafa da kaza ta wuce.

Kawu ya ba ni doka tun ranar farko. Ya ce wanda ba shi da iƙama ba ya gudu a titi, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya tara jama'a. In aka kama shi, tarhil za a kai shi, gidan da ake tsare mutane kafin a tusa ƙeyarsu gida.

Bayan 'yan watanni ina fifita wa Kawu wuta, wani mai sayen tsire ya ce ana neman wanda ya san dabbobi a wani gida a Abhur, can arewa bakin teku inda masu hali ke da gidajen hutu. Muka je da Kawu. Mai gidan, Abu Majid, mutum ne mai fara'a, mu ma'aikata Ammi muke ce masa, wato baffana. Ya tambaya ko na san dabbobi. Na ce babu dabbar da Allah Ya halitta da ban san ciki da bayanta ba. Ya ja mu bayan gida, wurin wani fili da aka kewaye da dogon waya.

A ƙarƙashin bishiya wani abu ne kwance a gefe ɗaya, ya dogara da gwiwar hannu kamar alhajin da ya gama cin tuwon rana, yana sosa ciki. Kai na barewa, kunnuwa na jaki, ƙirji na ɗan kokawa, hannuwa gajeru, ƙafafu kamar an aro na wani, wutsiya kuwa ta kai kaurin cinyata. Jikinsa ja kamar ƙasar gini. Kawu ya fara karanta addu'a a hankali. Ammi ya ce sunansa kangaru, daga Ostireliya aka kawo shi, ya dube ni ya ce na san shi? Na ce ƙwarai, muna da su a garinmu, sai dai namu sun fi ƙiba.

Ammi ya ji daɗi. Ya ce 'ya'yansa ne suka gani a talabijin suka ce sai an sayo musu mai aljihu a ciki. Da aka kawo aka duba ba aljihu, ashe na mata ne kawai, yaran suka daina zuwa kallo. Yanzu zai tafi hutun bazara da iyalinsa. In ya dawo ya tarar da dabbar lafiya, zai nema mini iƙama da sunansa, ya zama kafilina, wato mai ɗaukar nauyina. Wanda bai zauna a can ba ba zai san nauyin wannan magana ba. Iƙama ita ce ka yi tafiya ba ka waiwaya, ka ji jiniya ka ci gaba da shan shayinka, ka yi Hajji a fili, wata rana ka aika a kawo matarka.

Na sa masa suna Jatau, na kuma fara kiwonsa yadda na san kiwo. Na kafa turke, na ɗaura masa igiya, na dama dusa da kanwa kamar ragon layya. Ya dubi dusar, ya dube ni, ya yi tsalle ɗaya. Yini guda yana zagaya filin turken na binsa a baya yana ƙara.

Washegari likitan da Ammi ya ɗauka ya zo duba shi. Wani Bature ne mai jan wuya, Dakta Kolin, likitan dawaki, kuma ɗan ƙasar su Jatau. Da ya ga igiyar ya riƙe kai. Larabcinsa gurgu, nawa ma gurgu, da hannu da zane a ƙasa muka fahimci juna. Ya ce ciyawa da ganye Jatau ke ci, da sassafe da yamma, da rana kuwa a bar shi a inuwa. In na ga yana lasar hannuwansa ba ƙazanta ba ce, fifita ce yake yi. Ya ce iri-iri ne. Jan nan shi ne babbansu, na hamada, inda ruwa ke wuya kamar arewacin Agadas. Akwai masu ruwan toka iri biyu da ke zama inda ake da itatuwa da ciyawa, akwai wani siriri na yankin zafi, akwai ƙananan danginsu na cikin duwatsu, har da masu hawa bishiya. Ya ce ana haihuwarsu ba su fi ƙwayar gyaɗa ba, su rarrafa su shige aljihun uwa. Wannan ban yarda ba, amma na yi shiru tunda na ce muna da su.

Ya ciro kwabon ƙasarsu, ga su Jatau a jiki. Ya ce suna kan tambarin gwamnati, suna kan wutsiyar jirgin sama, suna kan rigar 'yan wasa. Wai ana cewa an zaɓe shi ne don ba ya iya ja da baya, gaba kawai ya sani. Nan na ji Jatau ya shiga raina, don wannan halin ɗan dambe ne na asali. Sai kuma Dakta ya ce a can sun yi yawa, suna cinye wa tumaki ciyawa, ana harbinsu, ana cin naman, har karnuka ake ba. Na ce mu a tambarinmu dawaki ne da mikiya, kuma ban san wanda ya taɓa tsire su ba. Na tambaye shi ko naman na da kitse. Ya ce ko kaɗan.

Kafin ya tafi ya kama kafaɗata ya ce abu biyu. Na farko, kada a taɓa korar Jatau da gudu, zuciyarsa na iya bugawa ya mutu. Na biyu ya nuna mini da jikinsa, yana kirana Sadik, wato aboki.

“Sadik, in ya miƙe tsaye ya buɗe ƙirji, faɗa yake nema. Kada ka tsaya. Ka durƙusa, ka sa hannu a ƙasa, ka sunkuyar da kai, ka yi ɗan tari. A wurinsu ma'anarsa kai ne babba, na bi.”

Ya durƙusa ya yi tarin, wani siririn tari kamar na mai jin kunyar surukai.

To a dambe, wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi, magana ta ƙare. Ni kuwa tun da na fara ɗaura zare ba a taɓa kai ni ƙasa ba. Amma na tuna iƙama. Kullum da safe in na shiga da ciyawa Jatau ya miƙe, ya fi ni tsawo, sai in waiga in tabbatar ba kowa, in durƙusa in yi tari. Shi kuma ya sauko ya ci abincinsa. Muka saba. Na gano yana son ƙuli-ƙulin da Kawu ke barbaɗa wa tsire, nakan ɓoye masa a aljihu ba da sanin Dakta ba. Gashinsa ya yi sheƙi. Dawowar Ammi ta matso.

Bakina ne ya kashe ni. Ranar hutu in na je Nuzla, sai in zauna a majalisa in ce ina kiwon wata dabba mai dambe, ta fi kowa a nan tsawo, amma da ta gan ni take sunkuyar da kai. Ban faɗi wanda ke sunkuyawa ba. A majalisar akwai Ɗantani mai kalangu, mutumin Shinkafi, wanda ya san ni tun a fili, shi ma ba iƙama. Ya ce wannan abu sai an gani.

Wata Juma'a bayan la'asar sai ga a-kori-kura cike da mutanen Nuzla a ƙofar gidan. Kawu Ila na gaba, ya ce ya zo ne ya hana. Na buɗe musu, suka jeru a jikin waya. Tambayar farko da suka yi ita ce ina aljihun. Lokacin abincin yamma ya yi, ba yadda zan yi, na ɗauki ciyawa na shiga. Jatau ya ga taro, ya miƙe fiye da yadda ya saba, ya buɗe ƙirji, ya fara sosa shi da farata.

Gwiwata ta fara lanƙwasa da kanta, don ta saba. Sai na ji kalangu. Ɗantani ya saki takena, wanda rabon da in ji shi tun Ƙaura, yana kiran Guduma ɗan mahauta, wanda ƙasa ba ta san gwiwarsa ba. Na san in na durƙusa, kafin wata ya ƙare kaset ya isa gida da labarin. Kawu ya ce, “Haruna, kai ɗan nan, tuna abin da ya kawo ka.” Na ji shi sarai. Na ajiye ciyawa, na je ɗaki na ɗauko zare na naɗe hannu, na dawo. A garin sauri ban saka sakatar ƙofar waya ba.

Na gyara tsayuwa, hagu a gaba, dama a baya. Muka zagaya juna. Gaskiya tsayuwarsa ta fi ta mutane da yawa da na kara da su. Na kai masa hannu ɗaya, ya kau da kai baya, na sami iska. Ya rungumo wuyana da 'yan hannuwan nan da na raina. Abin da ya biyo baya ba a koyar da shi a Ƙaura: ya zauna a kan wutsiyarsa kamar kujera, ya ɗaga ƙafafu biyu gaba ɗaya, ya ajiye mini su a ciki.

Na farfaɗo a cikin kwamin ruwansa, rigata a yage. Abin da na fara ji gardama ce. Rabin jama'a sun ce an kashe ni, rabi sun ce ai wutsiya gaɓa ce, kuma ta taɓa ƙasa kafin ni, saboda haka ni na yi kisa. Kawu da ya zo hanawa shi ne kan gaba a ɓangaren wutsiya, har hularsa ta faɗi. Ba wanda ya lura Jatau ya fita. Babbar ƙofa ma a buɗe take saboda motarsu.

Ranar Juma'a da yamma duk Jidda na bakin teku, iyali-iyali a kan darduma da butocin shayi. Muna isa muka tarar Jatau ya ratsa ta tsakiyarsu ya shiga ruwa har ƙirji ya tsaya. Mata sun tattara yara, samari sun kewaye shi da ihu, wasu na tayar da mota don su haska shi. Ga motar 'yan sanda ta tsaya, askar biyu sun fito da igiya suna shawarar wanda zai fara shiga. Da mutanen Nuzla suka hango motar, sai na nemi jama'ata na rasa. Kawu kaɗai ya rage, ya ja ni bayan wata mota.

“Zo mu tafi,” in ji shi. “Shi yana da mai shi. Kai fa, wa kake da shi?”

Gaskiya ya faɗa. Amma ina hango haƙarƙarin Jatau na hawa da sauka, na tuna maganar Dakta a kan kora. Ba zan ce tausayi ne kaɗai ba. Amana ce aka ba ni, kuma in ya mutu iƙamata ta mutu tare da shi. Na lissafa cewa in na maida shi gida lafiya, wataƙila a ɗauke ni mai aikin gidan kawai a ƙyale ni. Na kwance zaren na miƙa wa Kawu, na fita.

Na ce wa askar su dakata, na roƙi samarin su ja baya. Na shiga ruwa har gwiwa. Jatau ya juyo, ya miƙe. A gaban 'yan sanda da Larabawa da matansu da 'ya'yansu, na durƙusa, na sa hannu biyu a ƙasa, na sunkuyar da kai, na yi tari. Na sake yi. Jatau ya sauko. Na laluba aljihu, ƙuli-ƙulin ya jiƙe amma yana nan, na miƙa masa ɗan kaɗan na ja da baya.

Haka muka taho. Ni ina rarrafe da baya ina tari, Jatau na bina a hankali yana jan wutsiya, motar 'yan sanda na binsa ba jiniya, yaran unguwa na bin motar, su ma duk suna tari. Can daga baya na fara jin kalangu ƙasa-ƙasa. Ɗantani ne, ya ɓuya ya kasa daurewa. Kwalta ta cinye mini fatar gwiwa kafin mu kai. Na shigar da Jatau, na saka sakata, na duba ta sau biyu.

Babban askar ɗin ya yi dariya har ya share hawaye da hularsa. Ya sa aka ba ni ruwan sanyi, ya ce bai taɓa ganin gwani irina ba. Ya tambaya ko dabbar na da izinin zama a gida. Kawu ya yi wuf ya karɓo fayil ɗin Jatau daga ɗakin mai gadin gidan. Ga hoton Jatau, ga hatimi, ga ranar shigowarsa ƙasa, ga sunan Ammi a matsayin mai ɗaukar nauyinsa. Askar ya duba shafi-shafi ya gyaɗa kai.

“Wannan zamansa daidai ne,” ya ce. Ya rufe fayil ɗin ya miƙo mini hannu. “Taka takardar fa, ya Hajj?”

Kawu ya yi magiya da duk Larabcin da ya tara a Bab Makka. Ammi na wata ƙasa, ba a same shi ba. Askar ya bar ni na wanke gwiwa na yi sallar magariba, sannan ya buɗe mini ƙofar mota da kansa. Na tarar da Ɗantani a ciki, rungume da kalangunsa.

Zaman tarhil da jirgin dawowa ba su da abin ba da labari, sai dai a wannan karon da aka kawo abinci ban ce komai a kan naman ba. Mutanen Nuzla sun aiko da kaset cewa sun zauna sun yanke hukunci ni na yi nasara saboda wutsiya. Na gode musu, amma kada kowa ya riƙe wannan. An kashe ni sau biyu a yini ɗaya, na biyun ni na kai gwiwata ƙasa da kaina, kuma da na yi shi tun a na farko da yanzu ina Abhur da takardata.

Tun muna tsare Ɗantani ya sauya mini take. Duk wanda ya je filin dambe ranar kasuwa zai ji shi: kiɗa ya ɗauko kamar na da, ya hau, ya hau, sai ya tsaya cak, makaɗa su yi ɗan tari gaba ɗaya. Na roƙe shi ya bari, ya ce ba laifinsa ba ne, jama'a ke nema. Yanzu in aka buga nakan miƙe in ɗaga hannu, tunda nawa ne.